Saye da saida gida in kasuwa ta farka



Darasinmu na yau bisa gida yake. Gida shi ne rufin asirin mutum. Yawancinmu sau ɗaya muke sayen gida a rayuwa. Kuɗin da ka tara shekara goma ko ashirin, rana ɗaya kake miƙa su. In ka yi kuskure a wannan rana, gyaran shi da wuya. Shi ya sa ya kamata ka san kan abin tun kafin ranar ta zo.

Mi ke sa kuɗin gida hawa da sauka?

Ka san kuɗin hatsi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da kaka yana sauka, da bazara yana hawa. Gida ma haka yake, sai dai shi kakarshi da bazararshi ba kowace shekara suke zuwa ba.

In kuɗi na yawo a hannun mutane, masu neman gida suna yawa, sai kuɗin gida ya hau. In kasuwa ta mutu, masu saidawa suna yawa, masu saye kaɗan ne, sai ya sauka.

Tsofaffi sun tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa. Tamma ɗaya ta Faransa da ake saye sefa 50 ta koma sefa 100. Ƙarfe da kwanon rufi da sauran kayan da ke zuwa daga waje suka yi tsada. Wanda ya fara gini ya tsaya.

Kai ma ka ga naka zamani. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. A 2023 aka sake rufewa, sai watan Maris na 2024 aka buɗe. Garuruwa kamar Maraɗi da Ƙonni da Damagaram, cinikinsu da iyaka yake tafiya. In iyaka ta rufe, ɗan kasuwa ba ya sayen gida. Wani ma nashi yake saidawa don ya biya bashi.

Ruwan sama ma yana da nashi. A daminar 2024 gidaje masu yawa sun faɗi a ƙasarmu. Har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe cikin watan Satumba. A watan Oktoba na wannan shekara gomnati ta rage kuɗin siminti don mutane su samu su sake gini.

Amma wahala ba ta dawwama. Bayan wuya sai daɗi. Wata rana kasuwa tana farkawa.

Yaya za ka gane kasuwa ta farka?

Ba sai an faɗa maka ba. Buɗe idonka cikin unguwa.

Ginin da aka bari shekara biyu, sai ka ga magina sun dawo bisa shi. Masu amalanke suna ta kai yashi da bulo. Dillalai suna yawo, suna tambaya ko akwai gidan saidawa. Gidan da ya daɗe ba mai tayawa, sai ka ji mutum uku sun taya cikin wata ɗaya. Masu gidajen haya sun fara ƙara kuɗi.

To, a nan ne ake yin hankali. In kasuwa ta farka, kowa yana sauri. Mai saye yana tsoron kuɗi su ƙara hawa. Mai saidawa yana tsoron mai saye ya tafi. Macuci kuwa irin wannan lokaci yake jira, don mai sauri ba ya duba takarda.

Misali

Ga wani misali. Mu ce mishi Malam Idi, tela ne. Shekara 12 yana tara kuɗi, har ya haɗa miliyan 4. Wata rana dillali ya zo shagonshi ya ce: «Malam, ga gida ya faɗo. Ɗaki uku da zaure. Amma ka yi sauri, wani Alhaji zai zo da kuɗi gobe da safe.»

Malam Idi ya je ya ga gida, ya yi mishi. Wani saurayi ya ce shi ne mai shi. Ya nuna wata takarda. Malam Idi bai iya karatu ba a lokacin, kuma ya ji kunyar ya ce a karanta mishi. Ya biya.

Bayan wata biyu sai ga mata biyu da wani dattijo sun yi sallama. Ashe gidan na gado ne. Magada bakwai ne, ba a raba ba. Saurayin ɗaya ne daga cikinsu, kuma sunan da ke bisa takarda na mahaifinsu ne, marigayi. Saurayi ya bar gari. Malam Idi ya shiga zuwa gaban alƙali, yau a ce gobe, gobe a ce jibi. Ga kuɗi sun tafi, ga gida ba nashi ba.

Mi ya ci Malam Idi? Sauri, da kunyar tambaya. Da ya karanta sunan da ke bisa takarda, da ya tsira. Sauri ya haifi nawa.

In kai ne mai saye, duba abu huɗu

*Na ɗaya, wuri.* Gidan bisa tudu yake ko cikin kwari? Da rani kowane wuri busasshe ne. Damina ce ke faɗin gaskiya. In za ka iya, je ka ga gidan bayan an yi ruwa. In ba damina ba ce, dubi gindin bango: ruwa yana barin alama. Tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi. Ka tuna, tsohon garin Maraɗi a bakin Gulbi yake. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka mai da gari bisa tudu. A Yamai ma, a 2020, kogi ya ci unguwannin da ke bakinshi. Gidan kwari yana da araha, amma araha ba ta ado.

*Na biyu, gini.* Kada fenti ya ruɗe ka. Wani bangon laka ne aka shafa mishi siminti. Ba laifi ba ne, amma kuɗinshi ba na bulon siminti ba ne. Tafi da magini wanda ka yarda da shi. Ya duba tsagewar bango, da rufi, da katako ko gara ta ci, da masai ko ya cika. Abin da za ka ba magini kaɗan ne bisa abin da zai tsare maka. In akwai kuran da famfo, ce a nuna maka takardun biya na ƙarshe, kada ka gaji bashin wani.

*Na uku, mai gida.* Wa ke da gidan? Dillali ba mai gida ba ne. Ɗan haya ba mai gida ba ne. Ɗan mai gida ma ba mai gida ba ne. Nemi ganin mai shi ido da ido. Karanta sunan da ke bisa takardar gida, ka karanta wanda ke bisa katin shaidarshi. Su zama ɗaya. In wakili ne, ya nuna takardar wakilci. In gidan gado ne, sai dukan magada sun yarda, maza da mata, na kusa da na nesa. Tambayi mai unguwa ko akwai rigima bisa gidan, ko an ba da shi jingina.

*Na huɗu, takarda.* Takardun fili iri iri ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai takardar shaida ta gargajiya, wadda ke nuna fili na wane ne tun kaka da kakanni. A ƙauye ana bi ta hannun mai gari da hukumar filaye da ake ce ma Kofo. Dokar karkara ta 1993 ce ta kawo wannan hukuma.

Akwai takardar da ma'aikatar magajin gari ke badawa in an yanka filaye cikin gari. Ana ce mata akt da sesiyon. Bisa ita akwai sunan mai fili, da lambar fili, da lambar rukunin da yake ciki, da girmanshi.

Akwai kuma titir fonsiye. Ita ce mafi ƙarfi duka, don an rubuta ta cikin babban littafin filaye na gomnati. Ita ce banki ya fi yarda da ita.

Kada ka tsaya ga ganin takarda a hannun mai saidawa. Akwai ta jabu. Akwai fili ɗaya da aka saida ma mutum biyu. Rubuta lambobin, ka je ma'aikatar da ta ba da takardar, a duba maka cikin littafi. Daga nan ka koma gidan, ka nemi turakun siminti na iyaka, ka auna. In takarda ta ce mitir 20 bisa 15, to igiyar awo ma ta ce haka.

Ranar ciniki

Kada a yi cinikin gida da dare, ko cikin ɓoye. A yi shi gaban shaidu, naka da nashi. Ka zaɓi shaidun da ke zaune cikin gari, waɗanda za a samu ko bayan shekara goma.

A rubuta komi: sunanka, sunanshi, lambar gida, kuɗin da aka sallama, abin da ka biya, abin da ya saura, da ranar da za a ba ka mabuɗi. In ka ba da kafin alƙalami, a rubuta abin da zai faru da shi in ciniki ya warware. Kuɗi a rubuta su da lamba, a kuma rubuta su da baƙi. Sifiri ɗaya yana mai da jikka 500 ta zama miliyan 5.

Karanta takardar da kanka, sannu sannu. In da Faransanci take, nemi naka mutum ya fassara maka, ba mutumin mai saidawa ba. Kada ka sa hannu, kada ka dangwala yatsa bisa takardar da ba a cika ba. In kuɗin da yawa, ku je wurin noter. Aikinshi ke nan, kuma hukuma ta san da shi. Ana biyan shi, amma kuɗin noter bai kai kuɗin shari'a ba.

Bayan ciniki, aiki bai ƙare ba. Sai ka je an juya takarda ta koma sunanka. Mutane da yawa suna barin wannan don gudun ɗan abin da za su biya. In ka mutu takarda na ɗauke da sunan wani, ƴaƴanka ka bar ma wahala.

Ƴar'uwa, wannan magana har da ke. In da kuɗinki kika sayi gida, na adashi ne, ko na sana'a, ko na gado, a rubuta sunanki. Ba rashin kunya ba ne, ba kuma rashin yarda da maigida ba ne. Haƙƙinki ne.

In kai ne mai saidawa

Fara da tambayar kanka: in na saida, ina zan kwana? Kada ka manta, in kuɗin gidanka ya hau, na wanda za ka saya ma ya hau. Wani ya saida nashi da murna, ya zo saye ya tarar kuɗin ba su kai ba. Ya koma haya, kuɗin suka narke a hannunshi kamar gishiri cikin ruwa.

Kada ka ɗauki farashi daga bakin dillali ɗaya. Tambayi nawa aka sallama gidajen da aka saida kusa da kai. Kuɗin da aka yi kirari da shi daban, wanda aka biya daban.

Ku yanke la'ada da dillali tun farko: nawa ne, kuma wa zai biya. Wani dillali yana cin la'ada, yana kuma ɗora nashi bisa kuɗin gida. Maganin wannan, ku haɗu da mai saye baki da baki.

Faɗi aibin gidanka. In rufi na yoyo, ka ce yana yoyo. Ciniki da ɓoye aibi ba ya albarka, kuma mai saye zai dawo.

Kada ka miƙa takardar gida sai kuɗi sun cika. In biya biyu ne ko uku, a rubuta ranakun. Kuma miliyoyi ba a kwana da su ƙarƙashin katifa. Ku haɗu a banki, a ƙirga can, a ajiye can.

Shawara da iyali ba ta rage ma mutum girma. Matarka da manyan ƴaƴanka su ji daga bakinka, kada su ji daga bakin wanda ya zo karɓar mabuɗi.

Ɗan'uwa, da can sai abin da aka faɗa maka. Yanzu kana iya karanta suna, kana iya karanta lamba. Ranar da dillali ya ce maka «yi sauri», ka ce mishi: «Kawo takardar in gani.»

Tambayoyi

1. Faɗi alamu uku da ke nuna kasuwar gida ta farka.
2. Wane kuskure Malam Idi ya yi?
3. Don mi ake duba gida da damina?
4. Wace takarda ce ta fi ƙarfi?
5. Mi ya kamata ka yi bayan an gama ciniki?

Lissafi

1. Hajiya Rabi ta sayi gida 6 000 000. Ta biya 3 500 000. Nawa ya saura?
2. An saida gida 4 000 000. An shirya da dillali bisa 5 cikin 100. Nawa ne la'adarshi?
3. Fili yana da tsawon mitir 20, faɗin mitir 15. Mitir nawa ne kewayenshi?

Aikin gida

Nemi takardar gidan da kake ciki, ko ta gonarku. Karanta ta. Rubuta cikin littafinka sunan da ke bisa ita. Mai sunan yana da rai? In ba ya da rai, ku yi shawara a gida, ka zo mu tattauna a darasi mai zuwa.