KA RAGE SHUKA, GONA TA YI KYAU

Karatu: Fitowa 34:21, Luka 10:38-42

Ya ɗan'uwa, yaushe rabonka da ka zauna da iyalinka, ku buɗe Littafi Mai Tsarki, ba ka hanzarin zuwa ko'ina? In sai ka tsaya lissafi kafin ka amsa, to, wannan darasi naka ne.

Aiki ba ya ƙarewa

A zamanin iyayenmu, in an gama girbi an cika rumbu, rani yakan ba mutane sarari. Yanzu ba haka ba ne. A Galmi da Birnin Ƙonni da ƙauyukan kewaye, kafin a gama ɗaure dammunan gero an zuba irin albasa. Sai dashe, sai ban ruwa har wajen watan Maris ko Afrilu. Ana cire albasa, ga manyan motoci suna jira su kai ta Abijan da Kwatano. Kafin ka numfasa, hadari ya fara tasowa, sai sharar gona. Samarin ƙasar Illela da yawa kuma sukan tafi cin rani, su dawo da faɗuwar ruwa. Haka shekara take zagayowa.

Aiki ba laifi ba ne. Allah ne ya sa Adamu a gona domin ya nome ta. Waɗanda suka ga yunwar 1973 da ta 1984 da ta 2005 kuwa sun san dalilin da ya sa hannu ba ya son tsayawa. Amma ka bincika zuciyarka: himma ce take tura ka, ko tsoro?

Darasi daga gonarka

In gero ya tsiro da yawa a rami ɗaya, me kake yi? Kana ragewa, ka bar kamar uku. Abin da kake cirewa ba ciyawa ba ne, gero ne mai kyau. Amma in ka ji tausayi ka bar su duka, sai su matsi juna, ka sami kara ba zangarniya.

Haka ranka yake. Lambu, kasuwa, biki, taro, hira a wayar hannu, babu mugu a cikinsu. Amma taura biyu ba ta taunuwa. In ba ka rage ba, abin da zai fara ƙanƙancewa shi ne addu'arka, sa'an nan tarbiyyar 'ya'yanka.

Marta ba zunubi take yi ba sa'ad da Ubangiji Yesu ya sauka gidanta. Hidimar baƙo take yi. Duk da haka Ubangiji ya nuna mata cewa abubuwa masu yawa sun raba hankalinta. 'Yar'uwarta Maryamu ta zauna tana sauraronsa, ya kuwa yaba zaɓinta. Maryamu ba ta jira aiki ya ƙare ba. Zaɓa ta yi.

Ka lura kuma da Fitowa 34:21. A nan Allah ya umarci jama'arsa su huta a rana ta bakwai, har ya ambaci lokacin noma da lokacin girbi. Ya san a nan ne manomi zai kawo hujja. Wanda ya ajiye hauya rana ɗaya a tsakiyar damina yana shaida cewa Allah ne mai ciyar da shi.

Abin da za ka yi

1. Ka keɓe ranar Lahadi domin sujada da hutu. Ka shayar da lambunka sosai ranar Asabar. Abin da ya zama dole, kamar ba dabbobi ruwa ko kai marar lafiya asibitin Galmi, ka yi shi da zuciya ɗaya.

2. Ka tsayar da lokacin addu'ar iyali kowace rana, ko bayan tuwon dare. Ka kashe rediyo, ka ajiye waya.

3. Ka duba matarka. Daka, ɗebo ruwa, itace, girki, goyo, yaushe take hutawa? Fitowa 23:12 ta ba sa da jaki ma hutu. Ku raba aikin Asabar da yara, domin ita ma ta zauna ta ji Maganar Allah.

4. Kafin ka ƙara fili ko ka ci bashin injin ban ruwa, ku yi addu'a da shawara a gida. Ka tambayi kanka abin da za ka cire domin wannan ya sami wuri.

Mai yiwuwa buhunanka su ragu kaɗan, maƙwabta kuma su yi magana. Amma albasa tana dawowa kowace shekara, ƙuruciyar ɗanka kuwa ba ta dawowa.

Tambayoyi domin iyali

1. Me ya raba hankalin Marta?
2. Don me Allah ya ambaci lokacin noma da girbi?
3. Wane abu ɗaya za mu rage a gidanmu wannan mako?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, kai ne mai ba da ruwa da amfani. Ka cire mana tsoron gobe. Ka ba mu hikima mu san abin da za mu riƙe da abin da za mu saki, domin mu zauna a gabanka. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.