Ƙaurar da Dosiyoyin Bincike daga Faifan C zuwa Faifan D

Ɗalibin kimiyyar harshe da ya dawo daga aikin tattara bayanai yakan taho da muryoyi masu cin wuri. Sautin WAV na 44,1 kHz da bit 16, a kafa biyu, yana cin kusan megabayit 10 a minti guda, wato sama da 600 a awa ɗaya. Windows kuwa tana ajiye Documents, Images, Musique da Téléchargements a faifan C, inda ita kanta take zaune. Idan ya cika, kwamfuta takan yi nauyi. Idan kuma aka goge shi domin sake girka Windows, hirar da aka yi da dattawa ta salwanta, kuma ba lallai ne a sake samun mai maganar ba.

Ga yadda ake ƙaurar. Da farko a buɗe sabuwar dosiye a faifan D, a raɗa mata suna Documents. Sa'an nan a latsa maɓallin dama na linzami a kan tsohuwar, a zaɓi Propriétés, a shiga Emplacement, a latsa Déplacer, a nuna sabuwar dosiyen, a tabbatar da Appliquer. Windows za ta tambaya ko a kwashe fayilolin zuwa sabon wurin. A amsa da Oui.

Akwai abubuwa uku na kiyayewa. Na ɗaya, kada a zaɓi D ɗin kansa, domin faifan gaba ɗaya zai koma Documents, kuma warware hakan na da wuya. Na biyu, manhajar ELAN, wadda Cibiyar Max Planck ta Nijmegen ta samar, ba ta saka sauti cikin fayil ɗin .eaf, adireshinsa kawai take riƙewa. Saboda haka rubutu da sautinsa su zauna cikin dosiye guda, su ƙaura tare. In an raba su, sai an sake nuna wa manhajar inda sautin yake.

Na uku, a kwamfutoci da yawa C da D yankuna ne na faifai ɗaya. In ya lalace, duka biyun sun tafi. Don haka kafin a fara, a kwafi dukan bayanan a wani faifai na waje, a jona caja saboda ɗaukewar wuta, kuma bayan an gama a buɗe fayiloli kaɗan a saurara.