Yadda Ake Yanke Ladan Ɗinki

Kowace shekara, da zarar watan Azumi ya raba tsakiya, ƙararraki tsakanin maɗinka da masu ba da ɗinki sukan yawaita a zaurukan Hakimai. Galibinsu asalinsu ɗaya ne, watau an sa wa yadi almakashi ba a yanke lada ba. Abin kuwa ya shafi Hakimi ta fuska biyu: shi ne mai sulhu, shi ne kuma babban mai ba da ɗinki a ƙasarsa, gama kayan hawan Salla na yaransa daga hannunsa suke fitowa.

Kuɗin riga kashi uku ne: kuɗin kaya, da ladan haɗi, da ladan aikin ado. Na farko da na biyu ba su da wuyar sani. Babbar riga da 'yar ciki da wando sukan ci wajen yadi 10, farashin yadi kuwa kowa ya tambaya a Kantin Kwari zai ji. Haɗi aikin keke ne, ba ya daɗewa.

A kashi na uku rigima take. Mai riga yakan dubi tsadar shaddarsa ya kimanta lada da ita, alhali allura ba ta san tsadar yadi ba, kwanakin da ta yi tana aiki su ne ma'auni. Aska biyu ba ta kai aska takwas cin lokaci ba, aikin hannu kuma na babbar riga yakan ɗauki makonni, wani har watanni. Ba kuma mutum ɗaya ke yinsa ba. A birnin Zariya, inda wannan sana'a ta yi suna, akwai mai zane, akwai masu ɗinkin gaba da na baya, cikinsu har da matan aure a gidajensu, sa'an nan a kai wa mai bugu. Dukansu daga lada ɗayan nan za a sallame su. In zaren tsamiya ne, sai an dafa gidan tsutsar da ruwan toka an kaɗa shi da hannu, saboda haka ba daidai ba ne a saya shi a farashin zaren kanti.

Ga misali. A ƙaddara ladan yini Naira 4,000 ne, aikin kuma zai ci yini 30. Ladan ado ya zama Naira 120,000, ban da haƙƙin mai zane da mai bugu. Wanda ya taya rabin wannan, injin kwamfuta zai yi masa irin zanen cikin sa'o'i kaɗan, ba laifi. Laifin shi ne a biya kuɗin inji a nemi aikin hannu, ko a karɓi kuɗin hannu a kawo aikin inji. Yawan tauye ladan nan shi ke sa yara su guji allura su koma haya da babur.

Har wa yau a lura da lokaci. A shekarar 2023 aka janye tallafin man fetur, darajar Naira kuma ta faɗi, kuɗin zare da na man janareta suka hau. Jingar da za ta daɗe, ya fi kyau a sayi kayanta duka tun ranar farko, don kada hauhawar farashi ta cinye ladan. Ƙarin kuɗi saboda gaggawa haƙƙi ne, in an faɗe shi tun farko.

Shari'a ba ta bar wannan babi ba. A mazhabar Malikiyya tilas ne lada ya zama sananne, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna mai sana'a shi ke da lamunin kayan da ya tafi da su wurin aikinsa. Maɗinkin da yadi ya ɓace a shagonsa, biya ya hau kansa.

Saboda haka in za a ba da ɗinkin gidan Hakimi, magatakarda ya rubuta yawan yadi da irinsa, da sunan aikin, ko na hannu ne ko na inji, da jimlar lada, da abin da aka bayar kafin alƙalami, da ranar karɓa. A maƙala ɗan ƙyallen yadin a jikin takardar, shaidu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi ɗaya.