Ina Son Zama Darakta

Tambaya: Malam, na gama sakandare, burina in zama darakta a Kannywood. Makaranta zan nema ko 'yan fim zan bi? Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Ƙanena, kada ka kafa ido kan kujerar darakta kaɗai. Fim na buƙatar mai ɗaukar hoto, mai tacewa, da mai sauti, wanda a ganina shi ya fi wuyar samu. In da hali, nemi gurbi a makarantar koyon fim ta ƙasa da ke Jos. Kafin nan, roƙi wani darakta ka riƙa bin sa lokeshan, ko riƙon fitila ne. Ɗauki fim ɗin minti 3 da wayarka, ka nuna masa ya gyara maka. Duk wanda ya nemi kuɗinka don ya saka ka a fim, guje shi.