Canza Aksul Ɗin Baya a Tsohuwar Akori-kura: Lissafin da Ake Yi a Waya Kafin a Kwance Noti Ɗaya

Mai yawan kallon bidiyon gyaran tsofaffin motoci a YouTube da wuya bai taɓa cin karo da Chevrolet 3100 ba, akori-kurar nan mai kumburarren goshi da aka ƙera a Amurka daga 1947 zuwa farkon 1955. Sai a tsinto ta a bayan gona, a wanke, a yi mata fenti, inji ya tashi lafiya lau. Rigimar tana farawa ne ranar da mai ita ya hau babbar hanya. Da ta haura kilomita 80 a awa sai inji ya kama kururuwa kamar zai tarwatse, tireloli na ta wuce ta suna danna mata hon. Wurin da makanikai ke fara dubawa a irin wannan hali shi ne ƙarƙashin bodi, tsakanin tayoyin baya, inda aksul yake.

Abin da ke cikin aksul

Ƙarfin inji yana fita daga giya, ya bi dogon ƙarfen da ake kira farfela, ya isa wani ƙoƙo da ke tsakiyar aksul. A cikin ƙoƙon akwai ƙarafa biyu masu haƙora da suka ciji juna: ƙarami wanda farfela ke juyawa, da babban faifai wanda ke juya tayoyi. A Chevrolet 3100 ta 1947 zuwa 1953, babban yana da haƙora 37, ƙaramin 9. In an raba 37 da 9 za a samu 4.11. Ma'ana, sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan lamba ita ake kira rashiyo.

'Yan acaɓa sun san wannan karatun ko ba su san sunansa ba. Babban faifan sarƙa a tayar baya yana ba babur ƙarfin ɗaukar buhuna da hawa tudu, amma gudunsa ya ragu. Ƙaramin faifai kuwa sai gudu, ƙarfin tashi ya ja baya.

Injiniyoyin Chevrolet ba kuskure suka yi ba. Motar manomi suka ƙera, mai ɗaukar rabin tan a hanyar burji, tun kafin dokar 1956 da ta kawo gina manyan tagwayen hanyoyin Amurka. Giyarta uku ce, wasu huɗu, kuma a ta ƙarshe inji da farfela juyi ɗaya suke yi. Babu wata giya a sama da za ta sassauta wa inji.

Lissafin

Kalkuletan waya ya isa. Tayar asali mai lamba 6.00-16 tsayinta kusan inci 28 ne, wato a kowane juyi tana cin ƙasa kimanin mita 2.23. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana shafe mita 1,667 a minti ɗaya. A raba 1,667 da 2.23, sai a ga taya na juyawa kusan sau 747 a minti. Abin da ya rage shi ne a ninka wannan da rashiyo:

4.11 yana ba da juyin inji kusan 3,070 a minti.
3.55 yana ba da kusan 2,650.
3.08 yana ba da kusan 2,300.
2.73 yana ba da kusan 2,040.

Ga injin mota ta zamani, juyi 3,000 ba komai ba ne. Ga injin da ke cikin wannan akori-kura, wanda ake kira 216, mai silinda shida da lita 3.5, kusan ƙarshen numfashinsa ke nan, domin duk ƙarfinsa na doki 90 zuwa 92 yana fitowa ne a juyi 3,300 zuwa 3,400. Akwai kuma abin da ya fi wannan. Sandunan fistin na injin 216 ba sa samun mai da matsin famfo yadda na yanzu ke samu. Wasu 'yan cokula ne a gindinsu ke kamfatar man suna watsawa. Sai a 1954 akori-kurar ta samu injin 235 mai tura mai da cikakken matsi. Wanda ya riƙe tsohon injin a juyi 3,000 na awa biyu ko uku, to yana tayar wa kansa da aikin sauke inji ne.

Abin da ake biya

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Sun ga 2.73 ta fi kowa sauke juyin inji, sai su ce ita ce magani. Sai dai aksul ba ya ƙara wa mota ƙarfin doki ko ɗaya, musaya kawai yake yi. Duk abin da aka rage a juyin inji, an rage shi a ƙarfin da ke isa taya, kuma a kowace giya, har ta ɗaya. Daga 4.11 zuwa 3.55 an yi asarar kusan kashi 14 cikin ɗari. Zuwa 3.08, kashi 25. Zuwa 2.73, kashi ɗaya bisa uku ya tafi.

Direba zai ji wannan a ƙafarsa tun daga tashi: sai ya daɗe yana riƙe kuloci kafin mota ta motsa, kuloci kuma ya riƙa cinyewa. A tudu, giyar da a da take hawa da ita ba za ta iya ba. Ga kuma iska. Gaban motar kamar bango yake, kuma ƙarfin da ake buƙata don ratsa iska yana ninkuwa sau takwas idan gudu ya ninka sau biyu. Saboda haka mota mai doki 90 da aka ɗora wa 2.73 tana iya kasa jan giyarta ta ƙarshe in iska na gabanta, a wayi gari ta fi da rashin gudu bayan an kashe kuɗi. Shi ya sa masu barin injin asali suka fi tsayawa a wajajen 3.55. Ba ta da ban sha'awa a takarda, amma ita ce injin ke iya ja.

Aikin kansa

Wannan mota tana da wani abu da ke wahalar da aikin. Har zuwa 1954 farfelarta a rufe take cikin wani bututun ƙarfe da ke haɗe da aksul, ya miƙe har bayan giya. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar bututun da aksul yadda suke, a buɗe ƙoƙon a sa sababbin haƙora masu 39 da 11, wato 3.55. Sauƙin nata a wajen walda ne kawai, domin daidaita cizon haƙoran aiki ne na ƙwararre. In an kuskure, aksul zai riƙa kuka har ya ci kansa.

Hanya ta biyu ita ce a cire komai, a kawo aksul daga wata mota, kamar Chevrolet S-10 mai jan ƙafa huɗu ko tsohuwar Camaro. Da an yi haka, giyar ma sai an canza ta, tunda ta asali da bututun aka yi ta. Da yawa suna amfani da damar su sa giya mai biyar ta T5, wadda ta biyar ɗinta a wasu samfura 0.72 ce. Aksul mai 3.73 da irin wannan giya yana zama kamar 2.69 a babbar hanya, alhali ƙarfin tashi yana nan kusan yadda yake, kuma in tudu ya zo sai a koma ta huɗu.

Kafin a biya kuɗin aksul ana auna faɗinsa daga inda wili ke zama zuwa ɗaya gefen, don kada taya ta riƙa gugar bodi. Ana ƙirga notin taya: na 3100 shida ne, na S-10 biyar, wato mota na iya ƙarewa da safaya iri biyu. Mazaunin sifirin kuma sai an yanke an sake walda, a kusurwar da ta dace da ta giya, in ba haka ba farfela ta riƙa karkarwa. Manhajar auna kusurwa da ke waya tana taimakawa a nan.

Mai sayar da kayan gwanjo yana iya faɗin kowace lamba. Alli ya fi shi gaskiya. A ɗaga taya ɗaya da jak, ɗayar na ƙasa, giya a furi, a yi alama a taya da farfela, a juya tayar sau biyu cif ana ƙirga juyin farfela. Uku da rabi da ɗan kaɗan, 3.55 ke nan. In aksul ɗin irin mai kulle tayoyi tare ne, sai a ɗaga duka biyun a juya sau ɗaya.

Bayan an gama

Malejin motar daga giya yake karanta gudu, bai san an taɓa aksul ba. Da 3.55, idan mota na kilomita 100 zai nuna kamar 86. Manhajar GPS a waya, a miƙaƙƙiyar hanya, ita za ta nuna ainihin gudun har a gyara malejin.

Sai birki, wanda ya fi komai haɗari. Motar da ta tashi daga 80 zuwa 100 tana buƙatar birkin da zai kashe ƙarfin da ya ƙaru da kashi 56 cikin ɗari. Birkin 3100 na ganga ne a duka ƙafa huɗu, kuma layin mansa ɗaya ne: tiyo guda ya fashe, birki ya tafi gaba ɗaya. Masu hankali suna sa famfon birki mai layi biyu, da yawa kuma su mayar da na gaba mai faifai, kafin su fara jin daɗin sabon gudun.

Irin wannan lissafin ya shafi tsofaffin Land Rover samfurin Series da har yanzu ake gani a arewacin Najeriya da Nijar. Rashiyonsu 4.7 ne, kuma akwai masu sa musu na tsohuwar Range Rover mai 3.54. Wannan babban tsalle ne ga injin lita 2.25, musamman a yashi ko da kaya. Kuma tunda mota ce mai jan ƙafa huɗu, dole a canza gaba da baya tare. In aka canza na baya kawai, ranar da direba ya sa ƙafa huɗu tayoyin gaba da na baya za su nemi gudu daban-daban, har wani ƙarfe a tsakaninsu ya karye.