Awon Igiya Da Tsadar Gidan Talaka

Aikina tsara birane ne, kuma yawancin ranakuna a gefen Kano nake wuni, inda gona take komawa unguwa. Tambayar da aka fi yi mini a wurin ɗaurin aure ko zaman makoki ita ce, "Malam, yaushe gwamnati za ta gina wa talaka gida mai araha?" Amsar da nake bayarwa ba ta yi wa mutane daɗi. Arahar gida ko tsadarsa tun ranar da aka yanka gona ake yanke ta, kafin a ɗora bulo ko ɗaya.

Ga yadda abin yake faruwa. Mai gona ya rasu, magada suna son kuɗi, ko shi da kansa ya ga gari ya iso shi. Sai a kira dillali, a zo da igiya da turaku, a yanyanka gonar: wannan ƙafa 50 da 50, wancan 25 da 50. Kowace ƙafa kuɗi ce a wurin mai sayarwa, don haka hanya asara ce. Sai a bar ɗan lungun da babur zai ratsa, a ce ai ya isa. Ba a ware wurin makaranta, ba asibiti, ba maƙabarta, ba a ma duba inda ruwan sama yake bi ba. Ana sayar da irin wannan fili ne da rani, ƙasa a bushe, kowa yana murna. A rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, shaidu su sa, a yi fatiha. Haka manyan sassa na unguwanni irin su Rimin Kebe, Dorayi, Sheka da Bachirawa suka tashi, kuma haka ake ci gaba da yi yau a ƙauyukan Ungogo da Kumbotso da gari yake haɗiyewa.

Ban ga laifin mai saye ba. Mutum ne da haya ta ishe shi, mai gida yana ƙara masa kuɗi duk shekara, ga 'ya'ya suna girma a ciki da falo. Ya samu filin da zai iya biya, ya saya. Amma ku bi ni mu ga abin da zai biya daga baya.

Ranar da zai fara gini, tifa ba za ta iya shiga ba. Yashi da bulo a bakin titi za a sauke, ya biya masu kura su shigar masa. Ruwan famfo ba zai zo ba, domin babu inda za a binne bututu, sai sayen ruwan 'yan garuwa har abada. Idan ya ce zai haƙa rijiya, nan ne babbar matsalar da ta fi damuna. Ma'aikatan lafiya suna son tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai, in an matsa ƙwarai 15. To fili mai ƙafa 50 gaba ɗayansa mita 15 ne da 'yan kai. Ko ka nisanta taka rijiyar da naka masan, na maƙwabcinka yana jikin katangarka. Na sha shiga gidan da tsakanin rijiyar wani da shaddar wani katanga ce kawai, kuma a gidan ana ta fama da zazzaɓin taifod ana cewa sammu ne.

Sai damina. Tsohon birnin Kano yana da kududdufai masu yawa, waɗanda aka haƙa wajen ɗebo ƙasar gini, su ne kuma suke shanye ruwan sama. An cike da yawansu da shara an yi gini a kai. A sababbin unguwanni kuma an gine hanyoyin ruwa. Ruwa ba ya canza hanyarsa don wani ya riƙe takardar mai unguwa. A watan Agusta za ka ga mutum yana kwashe ruwa daga ɗakinsa da bokiti, katanga ta jiƙe har ta fara zubewa. Gobara kuwa in ta tashi, motar kashe gobara a bakin titi take tsayawa. Ko gawa sai an sha wahalar juya makara a wasu lungunan.

Akwai kuma maganar takarda, wadda mutane suka fi rainawa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma a cikin birni shi ne mai ba da haƙƙin mallaka. Takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce cewa ka biya kuɗi, tana da amfaninta in rigima ta tashi, amma ba ita ce takardar shaidar mallaka ba. Banki ba zai karɓe ta jingina ba. Ranar da kuma aka zo faɗaɗa titi aka shafa wa katangarka jan fenti, mai gini ba bisa izini ba shi ne mafi rauni a maganar diyya.

Wannan ya kawo mu ga manufofin gwamnati. An daɗe ana gina rukunin gidaje da sunan masu ƙaramin ƙarfi. A Kano muna da Kundila da Gwammaja, daga baya aka yi biranen Kwankwasiyya da Amana a hanyar Zariya, da Bandirawo a hanyar Katsina. Tsari ne mai kyau a ido, da tituna da magudanan ruwa. Sai dai gida gamamme kuɗinsa na mai hali ne, shi ya sa da yawa daga cikinsu suka yi shekaru a rufe, alhali a unguwar Kurna ana kwana mutum takwas a ɗaki. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, yana ba da rance da ruwa kashi 6, a biya har tsawon shekara 30. Amma ɗan kasuwar Kwari ko mai adaidaita sahu ba shi da takardar albashi, filinsa ba shi da shaidar mallaka, kuma mutanenmu da yawa ba sa son kusantar bashi mai ruwa.

Mu yi lissafi. Masana harkar gidaje suna cewa bai kamata muhalli ya ci fiye da kashi 30 cikin ɗari na abin da mutum yake samu ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Kashi 30 ɗinsa naira 21,000 ke nan a wata, 252,000 a shekara. Wane gamammen gida ne za a biya da wannan?

A ganina gwamnati ta rage gina gidaje, ta riga dillalai isa gona. Ta shata tituna, ta haƙa magudanai, ta ware filin makaranta da asibiti da maƙabarta, ta yanka ƙananan fulotai daidai aljihun talaka, ta ba da takarda cikin sauƙi. Bahaushe ya iya gina gidansa da kansa: bana ɗaki ɗaya da banɗaki, baɗi a ƙara, in yaro ya isa aure a fitar masa da shago. Abin da ba zai iya yi shi kaɗai ba shi ne titi da kwalbati. Kano ta taɓa yin tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranta, amma gari ya daɗe da zarce shi. Shata hanya a gona turaku ne da fenti. Shata ta bayan an yi gini rusau ne da diyya da kuka.

Kafin hakan ta samu, ga abin da nake gaya wa duk wanda ya zo shawara. Ka je ka ga filin da damina, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka kuma tambayi tsofaffin wurin inda ruwa yake bi. Ka ɗauki safiyo mai rajista ya ɗaukar maka lambobin wurin, ka kai hukumar bayanan filaye ta KANGIS da hukumar tsara birane ta KNUPDA a duba ko yana cikin wani tsari, ko a kan hanya, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. In gonar gado ce, ka tabbata an raba, kuma duk magada sun yarda, har da mata. Idan ku da yawa ne kuka saya a gona ɗaya, ku zauna tun kafin kowa ya haƙa harsashi, kowa ya saki ƙafa biyar ta gabansa a samu hanyar da mota za ta shiga.

Iyayenmu dagatai da masu unguwanni, hannunku ake nema a kan kowace takardar ciniki. Don Allah kada ku sa shi sai kun ga an fitar da hanya da magudanar ruwa.