Fitilar Injin Ta Kama, Ga Lokacin Gwajin Mota Ya Kusa

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da dama a ƙasar Birnin Gwari sun haɗa kuɗi sun sayi mota domin kai masara da dawa da waken suya kasuwa, da ɗauko taki daga Kaduna ko Funtuwa. Kowace shekara tilas a sabunta takardun motar, a cikinsu kuwa har da takardar shaidar lafiyarta, wadda ba a bayarwa sai an gwada motar. Ma'aikatan KASTLEA na jiharmu, da na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa wadda aka kafa a 1988, suna iya tambayarta a hanya. Darasinmu na wannan fitowa a kan wata 'yar fitila ce mai ruwan ɗorawa, mai siffar injin, wadda takan kama a gaban direba, da abin da ya kamata ƙungiya ta yi da ita kafin ranar gwaji.

Dattawanmu sun san Fijo 404 da 504, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Waɗannan ba su da wannan fitila. Bakanike yakan kasa kunne, ya shinshina hayaƙi, ya kwance kafireto, shi ke nan ya gane ciwon. Motocin yanzu dabam suke. A cikinsu akwai ƙaramar kwamfuta wadda makanikai ke kira birenbos, watau ƙwaƙwalwar mota. Ita ce take auna iska da man da ke shiga injin, da zafin ruwa, da hayaƙin da ke fita, ta wurin ƙananan ma'aunai da ake kira sensa. In ta ga awon da bai yi daidai ba, sai ta rubuta lamba ta ajiye, sa'an nan ta kunna fitila. Ashe fitilar ƙwanƙwasa ƙofa ce kawai. Saƙon kansa yana cikin lambar.

A Amurka doka ta tilasta wa dukan ƙananan motoci wannan tsari, mai suna OBD-II, tun daga ƙirar 1996. A Turai aka bi baya, motocin fetur a 2001, na gas a 2004. Da yake yawancin motocin da muke saya 'yan Kwatano ne daga waɗannan ƙasashe, da wuya a rasa wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari ko kusa da shi. Nan ake cusa na'urar karanta lamba. Rewaya da yawa a Panteka ta Kaduna suna da babba. Akwai kuma ƙarama mai suna ELM327 wadda take aiki da wayar hannu, kuɗinta bai kai na buhun masara guda ba, muna kuwa ganin ya dace kowace ƙungiya mai mota ta mallaki ɗaya. Amma fa tsofaffin Golf da manyan motocin ɗaukar kaya sau da yawa ba sa jin yaren ƙaramar, sai an kai su wurin mai babbar.

Lambar tana da harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. Harafin P na injin ne da giya. B na jikin mota ne, C na ƙafafu da birki, U kuwa na wayoyin da kwamfutoci ke magana da juna. In alƙalami na farko 0 ne, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace irin mota, ko Toyota ko Volkswagen. In 1 ne, kamfanin da ya ƙera motar ne ya ba ta ma'ana, sai a nemi bayani na irin wannan mota.

Mu lura ƙwarai da wannan: lamba tana faɗin inda aka ji ciwo ne, ba ta cewa ga kayan da za a saya. Nan ne kuɗin ƙungiya ya fi zurarewa. Ga misali. P0301 tana nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe, P0300 kuwa tana nufin abin yana yawo tsakaninsu. Dalilin yana iya zama fulogi, ko kwayil, ko nozul, ko gurɓataccen mai, ko kuwa bawul ya ƙone. Bakanike mai gaggawa zai ce a sayo kwayil huɗu. Mai haƙuri kuwa, in motar mai kwayil ɗaya-ɗaya ce a kan kowane fulogi, zai ɗauke na silinda ta ɗaya ya musanya da na ta biyu, ya tada injin. In lambar ta koma P0302, ciwon ya bi kwayil, sai a sayi guda ɗaya tak. In ta tsaya a P0301, kwayil ba shi da laifi, sai a yi wa fulogi irin wannan musaya. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo.

P0171 ita ce muka fi gamuwa da ita da rani. Ma'anarta iska ta yi wa mai yawa. Injin fetur yana son wajen awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na mai, bisa ga nauyi. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin Randagi da Kuyello takan rufe sensan iska, zafi kuma yakan tsaga robar da ke kai iska cikin injin, ko famfon mai ya gaji, ko matatar mai ta toshe da dattin man jarka. A fara da abin da ya fi araha: a duba roba, a canja matatar iska, a wanke sensa da ruwan wankinsa na musamman. Kada a goge shi da tsumma ko fetur, gama zaren da ke ciki siriri ne ƙwarai. Game da mai kuwa, ba mu manta da watan Fabrairu na shekarar 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar nan ya lalata motoci. In fitila ta kama jim kaɗan bayan an sha mai a bakin hanya, a fara zargin man kafin a zargi injin.

Akwai lambobi biyu da hannun mutum ne yake jawo su. Ta farko P0128, watau injin ba ya kai zafin da ya kamata. Al'ada ce a garejojinmu a cire tamostat da zarar mota ta iso, wai an yi shi domin ƙasar sanyi. Ba mu yarda da wannan ba. An ƙera injin ya yi aiki a zafin kusan digiri 90. In ya zauna da sanyi, birenbos yakan ɗauka safiya ce har yanzu, ya dinga ƙara mai. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, wace ƙungiya ce take da man da za ta ƙona a banza? In mota tana zafi, a wanke lagireto, a duba fanka da murfi da famfon ruwa.

Ta biyu P0420. A cikin bututun salansa akwai wani tulu mai saƙar ramuka wanda makanikai ke kira indomi, aikinsa ƙone gubar hayaƙi kafin ya fita. A jikinsa akwai ƙarafa masu tsada, irin su filatinom da faladiyom, shi ya sa ake sace shi, wani lokaci tun kafin motar ta zo hannunmu. In babu shi, ko ya mutu, wannan lamba takan fito, hayaƙi ya yi wari, kuma a wurin da ake auna hayaƙi da na'ura motar tana iya faɗuwa. Sabo yana da tsada. Saboda haka ƙungiyar da za ta sayi mota ta sa a leƙa ƙarƙashi a ga ko an yanka bututun an yi walda, in kuma za a bar mota ta kwana a gareji, wani ɗan ƙungiya ya san abin da aka kwance.

Wata kuma abin dariya ce. A motocin da suka fito daga Amurka, in murfin tanki bai rufu sosai ba, ko an toshe bakin da leda da tsumma, sai P0455 ta fito. Maganinta murfi.

Yanzu ga babbar magana. In ranar gwaji ta matso, akwai dabaru uku da ake yi: a goge lambar da na'ura, ko a cire kan batir na ɗan lokaci, ko a cire ƙwan fitilar a liƙe wurin da baƙin salatif. Ta ukun ba ta ɓuya ga wanda ya san aiki. In an murɗa makulli ba a tada injin ba, tilas fitilar ta kama, sa'an nan ta mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ko kaɗan ba, an taɓa ta. Mu ma mu yi wannan gwaji duk lokacin da za mu sayi mota.

Gogewa kuwa tana da nata lahani. Birenbos yana yi wa sassan injin jarrabawa yayin da mota take tafiya, yana kuma rubuta waɗanda ya gama. In an goge lamba ko an cire batir, wannan rubutu duka yakan share, duk wanda ya sa na'ura zai ga jarrabawar ba ta kammala ba, ya gane an yi shara kwanan nan. A jihohin Amurka da yawa ba a ba irin wannan mota takarda, motocinsu na ƙirar 2010 zuwa sama ma suna ajiye wata lamba da na'ura ba ta iya gogewa, sai motar ta tabbatar da kanta an gyara. A Ingila tun watan Mayu 2018 wannan fitila kaɗai ta isa ta kada mota a gwajin shekara. A nan gida an kafa wuraren gwaji da na'ura a Legas da Abuja da wasu jihohi, inda ake auna birki da fitilu da hayaƙi, ciwon da ya kunna fitila kuwa sau da yawa yana nan cikin hayaƙin ko an goge lamba. Har wa yau, tare da lambar akwai bayanin gudun injin da zafinsa a daidai lokacin da ciwon ya faru. Wanda ya goge kafin a rubuta ya jefar da abin da bakanike zai yi aiki da shi.

Ko da an wuce gwaji da dabara, hanya ba ta karɓar takarda. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna wajen kilomita 120 ne, ta Udawa da Buruku, dukanmu kuwa mun san abin da wannan hanya da dajin Kamuku suka gani a shekarun baya. A watan Nuwamba 2024 aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe, motoci suka ƙaru, amma har yanzu ba wanda yake so motarsa ta mutu da buhu talatin da mutum biyar a tsakiyar daji da magariba. Lamba irin P0335, ta sensan da ke ƙirga juyin injin, tana iya kashe mota nan take ba sallama.

Direba ya san bambancin fitilu. In ta ruwan ɗorawa ta tsaya cak, mota kuma tana tafiya daidai, a ƙarasa tafiya, a karanta lamba cikin makon. In tana ƙyaftawa, ɗanyen mai ne yake shiga indomi yana ƙona shi, sai a rage gudu, a lallaɓa zuwa gari mafi kusa. Ja mai siffar buta ta baƙin mai ce, tana nufin mai ba ya zagaya injin, mintoci kaɗan sun isa injin ya buga. Wannan ba a lallaɓa ta, a kashe injin a duba mai. Shi ya sa galan ɗin baƙin mai da jarkar ruwa ba sa barin mota.

Shawararmu ita ce a fara shiri mako uku kafin takarda ta ƙare, kuma kafin kaka ta kama. Magatakarda ya karanta lamba tare da direba, ya rubuta ta a littafin mota da kwanan wata da kilomita, ya ɗauki hoton fuskar na'urar. A je wurin bakanike da lambar a hannu, a ce ya nuna gwajin da ya yi kafin ma'aji ya fitar da kuɗi, tsohon kayan da aka cire kuma a dawo da shi gaban ƙungiya. Bayan gyara ana iya gogewa, ko a bari, gama in ciwon ya warke fitilar takan mutu da kanta bayan tafiya uku a jere. Sa'an nan a yi kwanaki ana aiki da motar, da sanyin safe da rana, cikin gari da kan doguwar hanya, a sake sa na'ura a ga jarrabawar ta cika kuma lambar ba ta dawo ba.

Sauran abubuwan gwaji kun san su: birki, fitilu, sigina, oda, waifa, madubi, safaya, abin kashe gobara. A jikin taya akwai alƙaluma huɗu na ranar ƙira. 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019, irin wannan taya ta tsufa ko da zanenta bai cinye ba. In motar ta faɗi a gwaji, direba ya karɓi takardar da ta nuna abin da ya kada ta, ya kawo wa magatakarda a liƙa a littafin mota kusa da lambar da aka rubuta tun farko.